Kwalbar da ke Ƙarƙashin Kanta

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun da sassafe, to ga shi, sai ku bar ni in karya kumallo. Ke kuma da kika rantse Yaya mugu ne, karanta wannan shafin tukuna kafin ki yanke masa hukunci. Wanda bai taɓa leƙo mu ba sai yau, matso, benci bai cika ba. Shagunan alawa da kayan ƙwalam shida gare mu, a jere a bakin titi ɗaya. Baba da ya kafa su ya rasu, Yaya ne ke riƙe da su yanzu, ni ce Auta. Inna kuwa tana nan inda kuka bar ta, a gaban tukunya.

*

Hantsi ya ɗaga lokacin da na isa Shagon Gida, shagonmu na farko, wanda gidanmu ke manne da bayansa. Waya ce a hannuna, na zo naɗar muryar Inna. Yaya ne ya ɗora min aikin: in rubuta tarihin shagunan, a buga a allo, a kafa a bangon kowane reshe, matafiyi yana tauna yana karantawa.

Har na riga na rubuta layin farko: "Baba mutum ne mai hangen nesa." Ni kaina layin ya burge ni, sai maimaita shi nake a hanya.

Na ratsa ta tsakanin kwalayen biskit da buhunan gugguru na shiga madafi. A can ake samun Inna kullum. Shago shida gare ta, amma biyar daga ciki ba ta taɓa taka su ba, ko ranar buɗe su. In an matsa mata sai ta ce, "In na tafi wa zai duba tukunya?" Har mun gaji mun mayar da abin zolaya.

Yau ba ta gaban murhu. Tana zaune a kujerarta 'yar tsuguno, ta zuba wa teburin yanka alawa ido. A kan teburin kwalabe biyar ne, an wanke su fes, an kife su a jere.

Ina ganinsu na gane su.

Kowane reshe namu yana da kwalba guda a ƙarƙashin kantar da ake sayar da kaya, cike da ƙanzon alawa, wato wanda ya kama gindin tukunya ya yi baƙi, mai ɗan ɗaci. Ba a sayar da shi, ba a nuna shi, kuma ba a rufe murfin ruf, sai a bar shi a karkace. Dokar Baba ce: duk wanda ya tambayi ƙanzo a ba shi kujera, a ba shi kyauta, a kira gida nan take. Tun da na yi wayo ba a taɓa yin kiran ba.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau, Auta. Kin san wanda ya aiko min da waɗannan?"

"Ni dai... ban..."

"A bayan buhunan sukari na tsince su, cikin kwali. Sati guda ke nan direban da ke kai kaya rassa ba ya iya kallon idona. Na ɗauka zazzaɓi ne, ashe kunya ce."

Kafin in sami abin faɗi sai ga ƙarar makullai. Yaya ne ya shigo, fararen kayansa sun sha guga, yana magana tun daga bakin ƙofa.

"Auta, kin fara naɗar? Ki tabbata ta ba ki labarin yadda Baba ya..."

Ya ga kwalaben. Maganar ta maƙale.

"Sannu da zuwa, Manaja," in ji Inna. In ta kira shi Manaja, to ba lafiya ba. "Jawo kujera."

Ya jawo ya zauna a ɗofane.

"Inna, da ma zan miki bayani."

"Ina jin ka."

"Tururuwa ce. Kwalba a buɗe, sukari a ciki, kowane reshe sai ka ga layinsu kamar ana rabon kyauta. Masu duba tsafta sun yi mana magana. Kuma abin nan ba wanda ke ci. Ki ƙona, direba ya kai, a zubar da tsohon, a zuba sabo. Wahalarki kawai nake tausayi."

"Allah ya yi maka albarka. Sai kuma me?"

Ya kalle ni, na kalli rufi. Ban shiga ba, ban fita ba.

"Sai kuma reshen Ƙarshen Kwalta," ya ce a hankali. "Ina so in rufe shi ƙarshen watan nan. Wurin ba kowa, Inna. Mota ta tsaya a sha ruwa ta wuce. Sauran shagunan ne ke goye da shi."

Inna ta gyaɗa kai kamar farashin gyaɗa ya faɗa mata. Ta juyo gare ni.

"Karanta min abin da kika rubuta."

Na gyara murya. "Baba mutum ne mai hangen nesa."

Sai ta yi dariya. Ba ta mugunta ba, irin wadda mutum ke yi in ya tuna wani da yake ƙauna yana tafka shirme.

"Hangen nesa! Mutumin da ke neman tabarau alhali yana kan hancinsa? Kunna abin naki, Auta. Tunda tarihi kuke so, ku sha shi da ɗacinsa."

Na danna, na ajiye wayar kusa da kwalaben.

"Kun san kuna da wa."

Mun sani. Dogo ake ce masa. Ya bar gida Yaya yana goye, ni ko labarina babu. An ce mana ya tafi neman na kansa, daga nan ba a ƙara ba, mu ma ba mu ƙara tambaya ba. A gidanmu sunansa kamar garwashi ne, kowa kewaye shi yake.

"Lokacin shagon nan rumfar kwano ce da tebur guda," in ji Inna. "Ni ke haɗawa, shi ke juyawa, Babanku ke sayarwa. Yayanku ba ya cin alawa mai kyau. Ka ba shi fara tas ya ce ba ta da ɗanɗano. Ƙanzo yake so. Har da gangan yakan sassauta muciya don gindin ya kama, in na juya baya ya kankare abinsa."

"Baba ya sani?" na tambaya.

"Ya sani, yana dai kawar da kai. Sai ranar da wata babbar mota ta lalace a gaban rumfa. Yayanku kuwa in ya ga an buɗe inji, ko gobara ake a gida ba ya ji. Ya bar tukunya a wuta ya tafi miƙa wa direba sifana. Sukarin da ya rage mana ke nan, ga masu saye sun cika gaban tebur suna jira. Ta ƙone tun daga sama har ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe titi."

Ta shafa gefen teburin da tafin hannu.

"Babanku ya fito a gaban jama'a ya ce masa, 'Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar shagon nan.' Shi ke nan. Bai zage shi ba, bai taɓa shi ba. Yayanku ya ajiye muciya, ya wanke hannu. Motar tana tashi ya ɗare bayanta."

"Ba ki hana shi ba?" in ji Yaya.

"Kai kana bayana kana tsala ihu, tukunya tana hannuna. Na ce yunwa za ta dawo da shi kafin magariba. Ashe na manta ɗan waye. Su biyun nan kai ɗaya gare su, ka fasa dutse da shi."

A gaban shago wata mota ta tsaya, muka ji yarinyar da ke tsare mana shago tana auna gyaɗa, yara suna rigima a kan minti. Inna ta jira sai da suka tafi.

"Babanku ya yi nadama tun kafin ƙurar motar ta kwanta. Amma magana zarar bunu ce, kuma shi ba ya lashe abin da ya tofar, ko da zai mutu. Na roƙe shi ya aika a ce masa ya janye, ya ce bakinsa ba zai iya ba. Ana nan sai wani direba ya ce ya ga yayanku a Kwana, yana wankin motoci. Babanku ya je bai same shi ba. Ya dawo ya zauna nan inda kake zaune, ko ruwa bai sha ba. Can sai ya ce min, 'Ƙofar wannan shagon na hana shi. Ai ban hana shi wata ƙofar ba.'"



"Kafin wata ya mutu ya kama rumfa a Kwana," ta ci gaba. "Ya shafa mata fentinmu, ya sa aka zana tukunyarmu a allo yadda ko makaho zai gane. Ya ce in cika masa kwalba da ƙanzo, a bar murfin a karkace. Wai ido yana iya kau da kai, hanci ba ya iyawa."

"Reshen Gidan Mai fa?" in ji Yaya. Muryarsa ta sauya.

"An ce an gan shi yana facin taya a wajen."

"Kan Gada?"

"Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana sauke kaya."

"Shi ya sa!" Yaya ya dafe goshi. "Ina ta mamakin mai hankalin da zai kafa shago a inda mota ba ta da wurin tsayawa. Har cewa nake wa mutane dabara ce ta Baba da ba mu gane ba."

"Dabara ce mana," in ji Inna. "Ba dai ta ciniki ba. Duk inda aka ce an hango ƙeyarsa, sai Babanku ya je ya dasa ƙofa. Haka muka bi titin nan, reshe bayan reshe. Ƙarshen Kwalta ne wuri na ƙarshe da aka ce an gan shi, yana tuƙa babbar mota da kansa. Daga nan labari ya yanke, ƙafar Babanku ma ta yanke. Cinikin da kuka gani Allah ne ya haɗa mana da shi. Mu ba shi muka fita nema ba."

Na kalli layin da na rubuta, kunya ta kama ni. Tausayin Baba kuma ya cika min ciki. Mutumin da nake gani kamar ba abin da ke taɓa shi, ashe duk tsawon rayuwata haƙuri yake bayarwa da bulo da kwano, tunda bakinsa ya ƙi.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba, Inna?" na ce.

"Yana raye ya ce in rufa masa asiri. Da ya rasu kuma, wa ya tambaye ni? Wannan ya zo da kwamfuta, ke kin zo da waya. Tambayarku guda ce kullum: Inna kin ci abinci, Inna kin sha magani."

"Shi ya sa ba kya zuwa ko'ina," in ji Yaya.

"In ya zo ya tarar ba na nan fa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa, amma Yaya ne, sai da ya faɗi abin da ke ransa.

"Inna, kada ranki ya ɓaci. Na girma, na yi aure, 'ya'yana sun shiga makaranta, duk a cikin jiran nan. Mutumin nan ya san hanyar gida. In yana raye, allonmu kaɗai ya isa ya kira shi. Ba na so ki ƙare rayuwarki kina ƙona tukunya saboda wanda wataƙila..."

Ya kasa ƙarasawa.

"Faɗi mana. Wataƙila ya mutu." Ta faɗe shi ba tare da muryarta ta girgiza ba. "Ni ma ina lissafa hakan, ba yau na fara ba. Ban ce yana raye ba. Cewa na yi ban sani ba. Wanda bai sani ba kuwa ba ya rufe ƙofa."

"To a bar kwalbar nan gida. Sauran..."

Wayar Inna ce ta katse shi. 'Yar ƙaramar nan mai madannai, da take ɗaurewa a bakin zani. Ta kunce ta, ta nisanta ta da ido, ta miƙo min.

"Duba min waye."

"Uwar Biyu ce."

Uwar Biyu ita ke riƙe da reshen Ƙarshen Kwalta tun ina firamare. Ba ta kiran Inna sai gaisuwar juma'a, yau kuwa talata.

"Sa ta yadda kowa zai ji."

Na danna. Muryarta ta fito tana haki, ko sallama ba ta yi ba.

"Inna? Inna, kina ji na? An tambaya!"



"An tambayi me, 'yar nan?" in ji Inna. "Nutsu."

"Ƙanzo! Wallahi yanzun nan. Baba ya ce duk ranar da aka tambaya in kira gida, to ga shi na kira. "

Yaya ya miƙe tsaye, kujerar ta kife a bayansa.

"Wane ne?" ya ce. "Yaya kamanninsa?"

"Au, Manaja kana nan? Wani dattijo ne dogo, furfura ta fara cin gemunsa, yana tuƙa babbar mota mai shuɗin kai. Ai na san fuskarsa. Yakan tsaya jefi-jefi, ya fi shekara goma. Ba ya sayen komai sai ruwa. Ya jingina da kanta daidai wajen kwalbar, ya sha ruwansa a hankali, ya lumshe ido, ya biya ya tafi. Ko sannu ba ya cika yi. Ni na ɗauka gajiya ce."

Inna ta dafe teburin da hannu biyu.

"Yau fa?" ta ce.

"Yau ya jingina kamar kullum. Sai na ga ya buɗe ido, ya ja hanci, ya sake ja. Ya leƙa ƙarƙashin kanta. Sannan ya ce min, 'Baiwar Allah, ina ƙanzon?' Na ce masa an daina, tun satin da ya wuce aka zo aka ɗauke kwalbar. Na ce ya zauna in kira gida, na jawo masa kujera."

"Ya zauna?"

"Bai zauna ba, Inna. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce..."



"Ya ce me?" in ji Inna.

"Ki yafe min, ba bakina ba ne. Ya ce, 'Ashe tsohuwa ta tafi.' Ya ce Allah ya ji ƙanki. Ina ce masa tsaya, ba haka ba ne, ko ji na bai yi ba. Ya hau motarsa hawaye na zuba a gemunsa."

Kuka ya ƙwace min, na toshe baki. Shekara goma yana zuwa gaishe da uwarsa da hanci, yana jin ƙaurin hannunta ya san tana raye, ya koma. Mu kuma muna zaune muna cewa ba wanda ke ci.

Yaya ya durƙusa a gaban Inna, fararen kayansa a cikin tokar murhu.

"Ni ne, Inna. Ni na jawo."

"Tashi," ta ce. "Da ba ka kwashe ba, da har in mutu ba zai buɗe baki ba. Ɗan Babanku ne." Ta matso da bakinta kusa da wayar. "'Yar nan, ina motar ta dosa? Nan wajenmu?"

"A'a, Inna. Da nan ya nufa, kan motar yana kallon wajenku. Amma ya juya ta. Ya bi hanyar burji, can inda ba mu da shago."

Inna ta ɗan rufe ido. Da ta buɗe, sai ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba. Ta ɗauki kwalba guda daga cikin biyar ɗin ta birkice ta. Ta jawo farantin ƙanzon da ta kankare da safe, ta shiga zubawa da hannunta har ta cika, ta ɗora murfin a karkace. Ta kunce ƙyallen da take ɗaurawa a ƙugu in za ta yi aiki, ta ninke shi ta ajiye.

"Manaja, motarka tana da mai?"

"A cike take."

"Babbar mota ba ta gudu a burji. Mu je."

"Ke da kanki, Inna?"

"Wanda aka yi wa addu'ar mamaci ai shi ya kamata ya je ya amsa."

Ta yafa mayafi, ta rungume kwalbar, ta ratsa ta tsakanin kwalayen biskit. Yarinyar shagon ta saki baki, gyaɗa na zubewa daga ma'auninta. A bakin ƙofa Inna ta tsaya. Na ga ƙafarta ta ɗan yi jinkiri a kan dokin ƙofar, sannan ta tsallake.

Na biyo ta da gudu ina neman takalmina.

"Ina za ki?" ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

"Zan bi ku mana!"

"A'a, Auta. Koma ki ɗora tukunya." Ta miƙo min muciya, ban ma san ta fito da ita ba. "Ki sassauta hannu, ki bar gindin ya kama. Kuma ko me za a yi, kada ki bari a rufe ƙofar nan."